Gurbin da Aka Bari Fari a Littafin Kawu

Kawu ya rasu wata Talata da hantsi, yana zaune a zaurensa a Unguwar Kanawa ta Kaduna, da kan keken ɗinki a kwance gabansa yana gyara. Iya, matarsa, ta kawo masa koko ta tarar ya jingina da bango, sukudireba na hannunsa. Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma.

Kafin azahar layinmu ya cika. Telolin Rafin Guza suka rufe shagunansu suka zo a ayari, babbansu yana ta faɗin, "Yanzu wa zai kasa kunne ya ji keke, ya gaya maka ciwonsa tun bai kwance shi ba?" Liman ya ce tun da aka ba shi limanci bai taɓa riga Kawu shiga masallaci ba. Tsofaffin sojoji biyar suka zo da hulunansu da suka koɗe, ɗaya da sanda, suka jeru a ƙofar gida suka ƙame, suka sara wa makara lokacin da aka fito da ita. Iya ta daure tun safe, amma da aka ba ta labarin wannan sarawa sai ta fashe da kuka. Mahaifiyata, ƙanwarsa, ta zauna kusa da ita har aka dawo daga maƙabarta.

A rana ta uku ina ɗakin da ke jikin zaure, sai na jiyo wani maƙwabci yana yi wa maza gaisuwa. Ya ce, "Allah ya jiƙan Saja, mutumin kirki. Allah ya yafe masa, har da ɗan gishirin da yake ƙara wa labarin kogin nan." Wani ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, aka shafa fatiha. Ban fita na tanka ba, don gidan makoki ne. Amma a ranar na ƙudurta sai na rubuta abin da na sani, domin ni ce na buga kowace takarda da Kawu ya aika a kan maganar nan, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ko ɗaya ba.

A hannunsa na tashi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai "Uwata". Ya shiga soja tun zamanin Turawa, ya yi yaƙin basasa, aka sallame shi da igiya uku, unguwa ta ci gaba da kiransa Saja. A bariki ya koyi gyaran keken ɗinki, da shi ya riƙe gida bayan ya tuɓe kaki. Mutum ne mai zafi, ba zan ɓoye ba. In ya ce ƙarfe bakwai, kada ka zo bakwai da minti biyar. Duk Juma'a sai ya goge takalmansa har ka ga fuskarka a ciki, alhali da silifa yake zuwa masallaci. In tela ya kawo masa keke ya ce a ɗan taɓa kawai, sai ya harare shi ya ce, "Ni ba na ɗan taɓawa. Ko in gyara ko ka ɗauki abinka." Matan sojojin da suka rasu kuwa, shi yake bin su gida-gida da gwangwanin mansa, ya duba musu keke, in sun miƙo wani abu ya ɓata rai kamar an zage shi.

Labarin kogin gajere ne, in shi yake ba da shi. An rutsa su a bakin wani kogi, aka ba da umurnin a ja da baya, aka bar waɗanda suka ji rauni a ƙetare. Kawu ya sami wani kwalekwale mai yoyo, ya yi sawu huɗu ana harbi, ya kwaso mutum bakwai. Ɗaya ya cika a cikin kwalekwalen. Bayan an lafa, babban hafsansu ya tara su a fareti, ya kira lambarsa, ya maƙala masa lambar yabo a ƙirji, irin wadda tsofaffin soja ke kira minda. A wani gwangwanin alewa yake ajiye ta, naɗe da ƙyalle, tare da littafinsa na sallama. Kawu yana karanta ajami sarai, amma boko bai wuce ya gane lambarsa ba. Shekara da shekaru yana adana littafin nan bai san abin da ke ciki ba.

Wata shekara, lokacin ban daɗe da fara aikin tafireta a ofishin wata makaranta ba, aka yi taron tunawa da mazan jiya. Kawu ya yi wanka, ya saka mindarsa, ya tafi. Bai kai azahar ba ya dawo. Ya wuce Iya ba sallama, ya ƙwala mini kira.

"Uwata, karanta mini nan." Ya buɗe littafin, ya ɗora yatsa a wani shafi.

Na ce, "Kawu, nan gurbin lambobin yabo ne."

"Na sani. Me aka rubuta?"

"Ba a rubuta komai ba. Layi kawai aka ja."

Ashe a wurin taron wani matashin hafsa ne yake bin layi yana duba littafin kowa. Da ya zo kan Kawu ya dubi littafi, ya dubi ƙirji, ya ce, "Baba, wannan ba ta cikin takardarka. Cire ta, akwai masu sayowa a kasuwa." A gaban mutane. Kawu ya cire da hannunsa, ya sa a aljihu, ya sara wa yaron da ya isa ya haifa, ya juyo gida. Bai ƙara saka ta ba har ya mutu. Kuma akwai 'yan unguwarmu a wurin, shi ya sa kafin la'asar labari ya riga ya zaga.

Washegari muka fara. Yakan faɗa da Hausa yana kai da komo a tsakar gida, ni in mayar da Turanci, in na je wurin aiki in buga da kabon, kwafi uku. In na karanta masa sai ya ce, "Kin sa musu cewa ba roƙo nake ba?" In ce na sa. Ya ce, "Ƙara sawa." A wasiƙar farko ya so in rubuta cewa wanda ya ja layin nan jaki ne. Da ƙyar Iya ta raba mu.

Ofishin da ke karɓar koken tsofaffin soja yana da wani dogon benci a baranda. Na san bencin nan kamar gadona. In ina da hutu nakan raka shi, mu zauna tun safe. A ce mai makullin ɗakin fayil ya fita. A ce ya dawo amma oga ya shiga taro. A ce fayil ɗin yana Legas. Muka rubuta Legas, bayan wata tara aka amsa cewa a tuntuɓi Kaduna. Daga baya aka ce ana kwashe takardu zuwa Abuja, a dakata sai an gama ƙaura. Sau biyu ana canza fom, mu cike sabo. Sau ɗaya aka dawo mana da takarda don hoton da muka manna yana sanye da hula. Muka kai marar hula, aka ce wanda ya ce a cire hular an yi masa canjin wurin aiki, sabon yana son hoton da kaki.

Ranar Kawu ya tsaya a tsakiyar baranda ya ɗaga murya. "Kakin da na mayar muku tun kafin a haife ku? In je in yi aro in zo in yi muku ƙarya, don ku yarda da gaskiyata?" Masinja ya zo yana ba shi haƙuri. Kawu ya ce masa, "Ɗana, haƙuri ina da shi buhu-buhu. Alƙalami nake nema."

A shekara ta huɗu aka ce sai ya kawo shaida, wanda ya ga abin da idonsa. Hafsan da ya maƙala masa mindar ya daɗe da rasuwa. Cikin waɗanda ya kwaso, mutum ɗaya kaɗai muka san inda yake, wani tsoho a Badarawa da muke kira Baba Kofur. Matsalar ita ce shekara takwas ba sa ga maciji da Kawu. Baba Kofur ya taɓa karyewa a haɗarin mota bayan an gama yaƙi, ya nemi Kawu ya shaide shi cewa a fagen fama ya samu raunin. Kawu ya ce ba zai rantse a kan abin da bai faru ba. Suka yi baram-baram a gaban jama'a, ko gaisuwar Salla suka daina.

Sati biyu Kawu yana jan ƙafa. Ranar da ya shirya, ya ce in zo mu je, wai don in rubuta abin da za a faɗa. Na san tsoron zuwa shi kaɗai yake.

Muka tarar da Baba Kofur a ƙofar gida yana jin rediyo. Bai tashi ba, bai rage murya ba. Kawu ya yi sallama, ya tsaya kamar mai jiran umurni, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Baba Kofur ya ce, "Au, yau Saja ne ke neman shaida? Ashe kai ma ana ƙaryata ka?"

"Ana ƙaryata ni."

"Da daɗi?"

"Ba daɗi."

"Ni da na zo maka, ka tuna abin da ka ce mini?"

Kawu ya ce, "Na tuna. Ko yau ka sake tambayata, abin da zan ce ke nan."

Na ce a raina shi ke nan, mun yi zuwan banza. Baba Kofur ya daɗe yana kallonsa. Sai ya kashe rediyon, ya juyo gare ni. "'Yata, rubuta. Ni ne na uku da ya ɗauko. Da haƙoransa ya riƙe igiyar kwalekwalen lokacin da yake jawo ni ciki. Rubuta kuma cewa mutumin nan taurin kai gare shi kamar dutse, ko da yake wannan ba sai gwamnati ta sani ba." Ya dangwala yatsa. Ba su rungumi juna ba, ba su ma yi musabiha ba. Amma ran Juma'a sai ga Baba Kofur a zaurenmu, wai ya zo wucewa ne.

Shaidar nan ta kwana a ofis fiye da shekara. Daga ƙarshe wani dattijon akawu, wanda ya gaji da ganinmu a benci, ya ɗauki abin a kansa. Da ya je Legas wani aiki, ya shiga ɗakin ajiya da kansa. Ya dawo ya kira mu gefe.

Ya ce, "Saja, gaskiyarka ce. An ba da mindar, ga ranar, ga sunan kogin. Amma a fayil ɗin wani aka shigar. Sunanku ɗaya, sunan uba ɗaya, alƙaluma biyu na ƙarshen lambarku ta soja ne suka yi musaya. Shi a sito ya yi aiki, bai je bakin daga ba. Takardar shaidar ma shi aka aika wa."

Kawu ya zauna a kan matakala. Ban taɓa ganin ya zauna a ƙasa a wurin hukuma ba. Ya ce, "To a gyara."

Akawun ya sosa ƙeya. Ya ce mutumin ya rasu. Kuma minda ɗaya ba ta zama a fayil biyu. Sai an soke ta daga wancan, sai iyalinsa sun dawo da takardar sun sa hannu cewa ba tasu ba ce. Ya rubuta mana kwatancen gidan, a Zariya, bayan tashar jirgin ƙasa.

Muka tafi wata Asabar. Matar marigayin tsohuwa ce siririya, tana zaune da jikoki. Kawu ya ce shi abokin aikin maigidanta ne, ya zo gaisuwa. Ta yi murna ƙwarai, ta shigar da mu ɗaki, ta kawo ruwa da goro. Takardar na rataye a bango, cikin gilashi, an goge ta tas. Ta bi idonmu da kallo ta ce, "Ita ce kaɗai abin da ya bar wa yaran nan. In sun yi rashin ji, nan nake kawo su in ce su dubi kakansu."

Na dubi Kawu ina jira. Takardar da za ta sa wa hannu tana cikin jakata. Ya kurɓi ruwa. Idonsa ya sauka kan wani tsohon keke a lungu an rufe da zane. Ya ce, "Hajiya, wannan yana aiki?" Ta ce ya shekara yana tsinka zare. Ya naɗe hannun riga, ya fito da sukudireba daga aljihu. Awa guda yana kai. Ya gwada a kan ƙyalle, ya yi wa marigayi addu'a, ya ce mini mu tafi.

A cikin mota na kasa haƙuri. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Na ce, "Kawu, shekara shida! Yatsuna sun yi kanta a kan maganar nan. Mun zo har bakin abin, ka tsaya gyaran keke?"

Ya ce, "Uwata, rage murya."

"Ba zan rage ba. A unguwa ana ce maka maƙaryaci."

"Na fi ki sani, ni ake faɗa wa." Ya juya yana kallon taga. Can ya ce, "Tsohuwar nan ce ta yi kuskuren? Ita ta juya lambar? Su suka ɓata, suna zaune a ƙarƙashin fanka, sannan ni za su aika in je in kwance bangon marayu? Ba zan yi musu wannan aiken ba. Su nemi yadda za su gyara."

Kada wani ya zaci ya huce ne ko ya yafe. Ya dawo gida ya fi da zafi. Muka buɗe sabon babi na wasiƙu, yanzu yana neman a rubuta masa tasa ba tare da an taɓa ta Zariya ba. Amsa ɗaya muke samu, in an ga dama an amsa: ƙa'ida ba ta yarda ba. Yakan ce, "Ƙa'idar tana ina lokacin da ake juya lambata?" Ƙafafunsa suka fara kumbura, hawa matakalar ofishin ya zama aiki, bai fasa ba. Ni kuma na yi fushi da shi na yi fushi da su, har na rasa wanda ya fi ba ni haushi. Akwai wata uku da na ƙi buga masa komai. Bai roƙe ni ba. Wurin mai tafireta na bakin kotu ya koma, aka yi masa wasiƙa cike da kurakurai, ya kawo mini wai in duba masa kawai. Na karɓa na sake bugawa. A haka muke har ranar Talatar nan.

Bayan sadakar arba'in na ɗauki jakata na koma Zariya ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Na san da yana raye ba zai bar ni ba. Har yau ban tabbata na kyauta ba.

Na gaya wa tsohuwar komai, tun daga kogi har benci. Sai ta ce, "Ranar da takardar nan ta zo, maigidana ya daɗe yana juya ta. Ya ce mini shi dai bai san abin da ya yi ba, shi da yake ƙirga barguna. Muka ɗauka kowa aka ba." Ta share ido da gefen mayafi, muryarta ta canza. "Kuma kuka zo ɗakin nan, kuka sha ruwana, ya gyara mini keke, kuka tafi kuka bar ni da kayan mutane a bango? Wa ya gaya masa ina son abin da ba namu ba? Da ya tambaye ni mana!"

Ita ta hau kujera ta sauko da gilashin. Ta ce jikokinta za ta gaya musu kakansu ya riƙe sito shekara da shekaru ko allura ba ta ɓata ba, wannan ma ya ishe su. Ran Litinin ta biyo ni Kaduna, ta zauna a bencin nan, ta dangwala yatsa.

Na zaci an gama. Sai aka ce ai mai fayil ya rasu, sai an kawo takardar shaidar mutuwa, da ta kotu, da wasiƙar mai unguwa. Na kai. Aka ce ta kotun ta tsufa, a sabunta. Na sabunta. Dattijon akawun ya yi ritaya. Baba Kofur ya rasu. Shekara biyu cif bayan Kawu, aka aiko a zo a karɓi littafinsa na sallama da na bar musu.

Na kawo shi gida na sami Iya a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na zauna kusa da ita na buɗe shafin. An soke tsohon layin, an buga sunan mindar a samansa, an sa hatimi. Na karanta mata, na fassara.

Ta karɓi littafin ta kai kusa da idonta, ta shafa wurin da yatsa. Ta ce, "Ina sauran?"

Na ce, "Shi ke nan, Iya."

"Wannan ɗan layin?"

"Shi ne."

Ta ce, "Ke da kike aikin, minti nawa ake buga wannan?"

Na ƙirga haruffan. Na ce, "Ba ya kai minti ɗaya, Iya."

Ta rufe littafin ta ɗora a cinyarta, ta jawo farantin shinkafarta, amma hannunta bai koma ciki ba.

Ya Allah, Kai ba a juya lamba a wurinka, kuma ba a ce wa bawa ya dawo gobe. Ka karɓi Kawu da abin da ya aikata, Ka yafe masa zafinsa, Ka yalwata masa makwanci, shi da takwaransa na Zariya da Baba Kofur. Mu kuma da muka rage, Ka sanyaya mana zuciya, don ni dai tawa har yanzu ba ta huce ba.